Garin ciyawar teku: na saya don tsoron maƙoƙo, na ƙare a gaban likita

Na sayi garin ciyawar tekun nan da ake yankowa daga ruwan sanyi na gaɓar Norway ne saboda mahaifiyata ta yi shekaru tana fama da maƙoƙo, kuma tsoron ciwon bai taɓa fita daga zuciyata ba. Mai sayarwar ta ce aidin ɗinsa, wato sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo, na halitta ne, kuma a nan ba ta yi ƙarya ba, domin wannan ciyawa mai launin ruwan ƙasa tana tara aidin a jikinta ninki dubbai na abin da ke cikin ruwan da take tsirowa. A cikin tokar ciyawar teku ma aka fara gano aidin a Faransa a 1811.

Makon farko na yaba. Garin a bushe yake, babu tsakuwa, ɗan ƙarnin kifin da yake da shi kuma yana ɓacewa idan an barbaɗa shi a miyar kuka.

Abin da ba a faɗa mini ba, ba a kuma rubuta a jikin robar ba, shi ne yawan aidin ɗin da ke cikin cokali guda. An ce ƙaramin cokali kullum, na kuwa bi. A mako na biyar sai ga bugun zuciya, rawar hannu da rashin barci, ina gumi cikin dare alhali ana tsakiyar hunturu. Likita ta sa aka ɗebi jinina, sakamakon ya nuna ƙwayar maƙogwarona tana aiki fiye da ƙima. Ta bayyana mini cewa babban mutum maikirogiram 150 na aidin kawai yake buƙata a rana (maikirogiram miliyan ɗaya ne giram guda), amma giram ɗaya na busasshiyar ciyawar yana iya ɗaukar fiye da 1,000, ga kuma gishirin girkinmu wanda tun 1993 doka ta wajabta a sa masa aidin a Najeriya.

Da farko na ɗora wa kaina laifin rashin tambaya, har na ce garin ba shi da aibu idan an san ma'auninsa. Amma da na kira mai sayarwar na gaya mata halin da nake ciki, sai ta ce, "Hajiya, ki ci gaba da sha, jikinki ne ke wanke kansa." Wannan maganar ce ta ɓata mini rai fiye da kuɗin asibitin, domin na san akwai mata masu juna biyu da take sayar wa da irin wannan bayanin. Na daina sha tun ranar, robar tana can saman kabad inda yara ba za su kai ba, ina kuma jiran gwajin jini na biyu a wata mai zuwa.