CC0 ko GPL: wanne ya fi kama da waƙafi?

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta manhajar lissafin gado kana ɗalibi a Jami'ar Ɗanfodiyo, kana son sakinta fisabilillahi, ka rasa wane lasisi, wato takardar izinin amfani da ita, za ka liƙa mata: CC0 ko GPL.

Tukuna, kada ka ɗora ta a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, ba lasisi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare manhaja har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, shirunka kuma ba izini ba ne.

CC0, wadda ƙungiyar Creative Commons ta fitar a 2009, wanke hannu ne gaba ɗaya. Kamar ka ajiye buhun gero a bakin kasuwa ka tafi. Wani zai iya ɗauka, ya gyara, ya ɓoye gyaran, ya sayar, ko sunanka bai ambata ba. Tana da ramuka biyu. Ba ta yafe haƙƙin ƙirƙirar fasaha (patent) ba, shi ya sa Fedora, masu haɗa wani nau'in tsarin kwamfuta na Linux, ta daina karɓarta ga manhaja a 2022. Sannan a ƙasa irin Jamus, doka ba ta yarda marubuci ya rabu da haƙƙinsa kacokan ba. Ko masu SQLite, manhajar ajiye bayanai, da suka sallama tasu ga jama'a, suna sayar wa kamfanoni takardar tabbaci saboda irin wannan shakku.

GPL kuwa, ta Richard Stallman tun 1989, kai ne mai abu har gobe, sai dai ka gindaya sharaɗi: duk wanda ya gyara ya raba, dole ya bayar da tushen rubutun manhajar (source code) a kan wannan lasisin. Sayarwa ba laifi, ɓoyewa ce haramun. A kanta Linux yake. Ka ga wannan ta fi kusa da rijiyar waƙafi, wadda ba mai kewaye ta da katanga ya ce tasa ce.

Akwai lasisin MIT a tsakiya: yi yadda kake so, bar sunana kawai. Ga ɗan guntun rubutu ta wadatar.

Amma taka ta gado ce. In wani ya taɓa lissafin sumuni ko sudusi ya rufe, wa zai gano kuskuren? Ni dai GPL siga ta 3, ta 2007, zan sa. Kuma in aikin kammala karatu ne, leƙa sashenku ka ji ko jami'a na da hannu a ciki kafin ka saki.