Gargaɗi Ga Masu Mota: Koyil ɗin Jabu da Dabarar "Duka Huɗun Sun Mutu"

Jama'a masu Corolla, Camry, Accord da sauran motocin da kowane fulogi yake ɗauke da koyil ɗinsa a ka, a yi hattara. Akwai cutar da ta yi ƙamari a harkar kayan gyara, kuma ƙofa ɗaya take bi ta shiga aljihun mutane: mai mota bai san wane koyil ne ya mutu ba. Mota ta fara misin, tana kakkarwa a silo, in an taka totur sai ta yi tari kafin ta ja, fitilar inji ta kama. Sai a ce maka, "Alhaji, ai duka huɗun sun tafi, amma akwai wani mai kaya da yake da saiti sabo fil a kwali, zai yi maka sauƙi." Ka biya. Bayan mako biyu ko wata ɗaya ciwon ya dawo, naka na asali kuwa sun yi layar zana.

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe: da wuya ƙwarai koyil huɗu su mutu rana ɗaya. Kowanne zaman kansa yake yi. Aikinsa ya karɓi bolt 12 na batir ya mayar da shi gomman dubbai, ya harba wa fulogin da yake ƙarƙashinsa. In ɗaya ya gaza, silinda ɗaya ce take daina aiki, sauran ukun su ci gaba da jan mota da ƙyar, wannan ita ce kakkarwar da kake ji. Motar da koyil huɗu suka mutu a cikinta ba ta zuwa gareji da ƙafarta, sai dai a jawo ta. Wanda ya ce maka duk sun mutu alhali kai ka tuƙo motar ka kawo, ko dai bai san aikin ba, ko kuma yana da buƙata a kan ukun nan masu rai. Waɗannan ukun su ne ribar. Za a goge su, a jera a faranti, gobe a sayar wa wani a matsayin Beljiyam mai lamba ɗaya. Kai kuma an bar ka da jabu huɗu.

Jabun yana zuwa ne a kwali mai sunan Denso, ko Toyota, ko Bosch, ko NGK, har da lambar kaya a jiki. Kamfanonin ba su da hannu a ciki, sunansu aka sata. A Facebook da WhatsApp ma tallar ta cika, hoto mai kyau, "orijinal kai tsaye daga Japan", turo kuɗi a sa maka a mota. Alamar da ta fi kowace tona asiri ita ce farashi. Idan saitin huɗu bai kai kuɗin guda ɗaya na asali ba, to babu abin tambaya kuma. Amma masu wayo cikinsu sun gane haka, sai su ɗaga kuɗin ya matso kusa da na gaskiya, don haka dole a kai hannu a duba kayan.

Ɗauki tsohon koyil ɗinka na asali ka tafi da shi kasuwa. Riƙe shi a hannun dama, sabon a hagu. Jabu yakan fi sauƙin nauyi, saboda an rage wayar tagullar da aka naɗe a ciki. Duba saman kan, inda aka zuba baƙin ƙaron da ya rufe naɗin: na asali a shafe yake sumul, na jabu za ka iya ganin ƙananan ramuka na kumfa, ko gefe ɗaya ya fi tudu. Waɗannan ramukan ta nan wuta take samun hanyar tserewa idan inji ya ɗau zafi. Goga babban yatsa a kan rubutun lamba, ko ka ɗan jiƙa tsumma da fetur ka shafa. Rubutun da ya dushe nan take ba na kamfani ba ne. Leƙa cikin soket ɗin: ƙafafun ƙarfen su zama a miƙe, kauri ɗaya, ba siraran da suke lanƙwasa da farce ba. Sannan robar ƙasa da take kama kan fulogi, matsa ta. Ta asali tana da taushi, tana komawa yadda take. Ta jabu ko dai ta yi tauri kamar tiyo, ko ta yi laushin da ba ta riƙe komai.

Lambar kaya ma a duba ta da kyau, domin koyil ɗin Toyota suna kama da juna amma tsawonsu da aikinsu ba ɗaya ba ne. Corolla mai injin 1ZZ-FE, irin ta 2003 zuwa 2008, lambarta 90919-02239. Camry mai injin 2AZ-FE, wato mai lita 2.4, tana amfani da 90919-02244. Mai silinda shida 1MZ-FE da ke cikin tsohuwar Sienna da RX300 kuwa 90919-02234 ce. Mai kayan da ya ce maka "duk ɗaya ne, zai shiga" so yake ya rabu da abin da yake hannunsa. Abin da ke rubuce a jikin wanda ka ciro daga motarka shi ne abin bi.

Sai ɓangaren Beljiyam. Gaskiya ita ce, koyil ɗin Beljiyam na asali da aka ciro daga inji mai lafiya ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, kuma akwai 'yan kasuwa masu amana a Ƙofar Ruwa da Panteka da sauran kasuwanni da suke sayar da shi tsakani da Allah. Matsalar ita ce miyagun da suke tsince matattun koyil daga gareji-gareji, su wanke da fetur, su shafa musu mai su yi ƙyalli, su cusa cikin na ƙwarai. Gwajin da za su yi maka a gaban shago yaudara ce ko da ba su yi niyya ba: a sa koyil a inji mai sanyi, ya ba da wuta, a ce ka gani da idonka. Koyil mai ciwo yakan yi aiki lafiya lau da sanyi. Sai ya gasu na minti ashirin ko talatin, tsagar da ke jikinsa ta buɗe, sannan ya fara yanke wuta, musamman a hawa ko in an kunna na'urar sanyaya mota. Saboda haka juya shi a rana ka duba doguwar jelar daga sama har ƙasa. Siririn layi fari ko toka-toka, ko baƙin zane kamar an ja da fensir, sawun wuta ne da ta riƙa tsallakewa zuwa jikin inji. Kumburi a saman kai, ko warin ƙonannen roba, a ajiye shi. Kada ka karɓa sai da sharaɗin kwana uku zuwa mako ɗaya na gwaji, a rubuta a rasit, kuma a yi wa kayan alama a gabanka don kada gobe a ce ba nasu ba ne. Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya san abin da ya taka.

Kada ma mitar auna wuta ta ruɗe ka. Koyil ɗin Toyota mai ƙafa huɗu yana da ƙaramar na'urar kunna wuta a cikinsa, don haka ɗora masa wayoyin mita a karanta lamba ba ya nuna lafiyarsa ko ciwonsa.

Hanyar da take rufe ƙofar cutar gaba ɗaya ita ce ka gano mataccen da kanka, a gida, kafin ka yi magana da kowa. Ba aiki ne mai wuya ba. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'urar duba mota da ake sokawa a wannan soket ɗin, a haɗa ta da wayar hannu, ta isa: ita ce za ta nuna maka lambar ciwon. P0301 na nufin silinda ta 1 ce take misin, P0302 ta 2, haka har P0304. P0300 na nufin misin ɗin yana yawo, bai tsaya a silinda ɗaya ba, kuma a nan sau da yawa laifin ba na koyil ba ne: a nemi gurɓataccen fetur, famfon mai da ya yi rauni, ko iska da take shiga ta tsagaggen tiyo. P0351 zuwa P0354 kuwa suna nuni ga layin wutar koyil ɗin kansa, ko dai shi, ko soket ɗinsa, ko wayarsa.

A ce na'ura ta nuna P0302. Kashe mota, zare makulli, bari inji ya huce. Silinda ta 1 ita ce ta ɓangaren da bel yake, daga nan ake ƙirgawa. Cire murfin roba na saman inji. Danna harshen soket ɗin koyil na 2 ka ja a hankali, ka riƙe soket ɗin, kada ka ja waya. Robar ta sha zafi shekara da shekaru, tana karyewa kamar ƙanzo. Kwance noti ɗaya da yake riƙe da shi da sifana mai lamba 10, ka ɗan murɗa koyil ɗin hagu da dama, ka zaro shi sama. Yi haka ga na 3, ka musanya musu wuri, ka ɗaure, ka goge lambar da na'ura ta nuna, ka zaga da motar har ta yi zafi sosai. In lambar ta koma P0303, ciwon ya bi koyil, ka kama ɓarawonka, guda ɗaya za ka saya. In ta tsaya a P0302, koyil ɗinka lafiyarsa ƙalau. Musanya fulogi ta wannan hanya. In har yanzu ciwon bai motsa ba, sai a koma kan nozul mai fesa fetur ko a auna matsin silindar, wannan kuma aikin makaniki ne.

Wanda ba shi da na'ura zai iya barin mota a silo ya riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya na daƙiƙa biyu ko uku. Wanda aka zare injin ya ƙara rikicewa, silindarsa tana aiki. Wanda aka zare ba a ji wani canji ba, can ciwon yake. Soket kawai ake zarewa. Kada a kuskura a ɗago koyil ɗin kansa inji yana aiki. Wutar tana jijjiga mutum, kuma tana iya ƙona na'urar da ke cikinsa.

Kafin a sa sabo, haska tocila cikin ramin fulogin, domin a nan ake gane abin da ya kashe na farkon. In ka ga baƙin mai ya taru, robar da take zagaye da bakin ramin a murfin saman inji ta saki, mai yana jiƙa jelar koyil yana kumbura ta. Sai an canja gaskit ɗin, in ba haka ba ko na asali ka saya zai bi sahun ɗan'uwansa, ka dawo kana zargin mai shagon da bai ci maka komai ba. In ruwa ka gani ko tsatsa, aikin wankin inji ne da tiyo mai ƙarfi, abin da ya kamata a hana yaran wurin wanki. Sai fulogi. Tsohon fulogin da bakinsa ya cinye ya buɗe yana tilasta wa koyil ya ƙara ƙarfin wuta kafin ta tsallaka, wannan wahalar ce take gasa shi a hankali. Fulogin Corolla ɗin da aka ambata Denso SK16R11 ne, na Camry SK20R11, kuma 11 ɗin ƙarshe na nufin tazarar baki milimita 1.1. Ana kwance shi da sifanar fulogi mai lamba 16, inji da sanyi, bayan an hure ƙurar ramin. Wajen mayarwa a fara murɗa shi da hannu har ya zauna kafin a sa sifana, saboda kan injin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ganganci. Fulogi ma ana yin jabunsa a kwalaye masu kyau, don haka idon da aka sa wa koyil shi za a sa masa. Notin koyil kuwa ɗauri kaɗan yake so, da ya kama a tsaya. A tura soket har a ji ya yi ƙas.

Wuri ɗaya ne shawarar canja fiye da guda take da hujja: injin silinda shida irin na Sienna, inda uku na baya suke ɓoye ƙarƙashin bututun iska, sai an sauke shi kafin a kai gare su. Tunda aikin yana da yawa, in ɗaya na baya ya mutu ana iya sabunta ukun gaba ɗaya, a ajiye masu ran a matsayin na ko-ta-kwana. A ajiye su a hannun mai mota, ba a aljihun wani ba.

Ɓarnar jabu ba ta tsaya ga kuɗin da aka biya ba, shi ya sa abin yake da ciwo. Silindar da ba ta samun wuta tana tura ɗanyen fetur cikin salansa, ya je ya ƙone a cikin matatar hayaƙin nan da kanikawa suke kira indomi, har ta narke ta toshe. Kuɗinta ya ninka na koyil sau da yawa. A motocin Toyota kuma koyil ɗin suna tarayya a waya ɗaya da take sanar da ƙwaƙwalwar mota cewa wuta ta tashi. Jabu ɗaya da ya haɗe a ciki yana iya danne wannan saƙo, ƙwaƙwalwa ta yanke mai, mota ta mutu a tsakiyar titi. Daga nan sai a fara ce maka ƙwaƙwalwar ce ta lalace, wani sabon babin kashe kuɗi ya buɗe.

In dole sai an kai mota gareji, a ɗiga wa kowane koyil jan farce ko fenti, a ɗauki hotonsu da lambobinsu kafin a bar gida, kuma a faɗa tun farko cewa duk abin da aka cire za a karɓa. Makaniki mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, shi ma kariya ce gare shi. Kada a tura wa mai talla a intanet cikakken kuɗi a kan hoto, cinikin biri a sama ke nan. A biya bayan kaya sun iso an kwatanta su da na hannu. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya adana kwalin da rasit da hoton lambar da na'ura ta nuna, ya fara da shugabannin ƙungiyar kasuwar, in abin ya faskara ya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Kafin nan, in fitilar inji ta daina tsayawa cak ta koma ƙiftawa, a samu gefen titi a kashe motar, domin a wannan lokacin ne indomin yake gasuwa.