HG-AFS ko HPLC-ICP-MS wajen rarrabe nau'o'in arsenik a halittun teku?

Malam, cikin na'urori biyun da ka ambata, wato HG-AFS mai mayar da arsenik iska ta auna shi da haske, da HPLC-ICP-MS mai fara rarrabe nau'o'insa a bututu sannan ta ƙirga su da nauyinsu, ka ɗauki HPLC-ICP-MS. Duka na yi aiki da su, kuma HG-AFS ɗin da ke ɗakin bincikenmu ni na ba da shawarar a saye ta. Har yau ina cizon yatsa.

Wani mai fatauncin kifi ya taɓa kawo mana samfur hankalinsa a tashe. An auna masa jimillar arsenik a wani wuri, adadin ya fito da yawa, ya ɗauka kayansa sun tashi a banza. Muka niƙa naman, muka jiƙa shi cikin ruwan asid na naitirik mai rauni da haidurojin feroksaid a zafin digiri 90, yadda ƙa'idar Turai ta EN 16802 ta 2016 ta tanada. Da layin ya fara fitowa a kwamfuta sai ga tsauni guda tun daga farko, arsenobetain ke nan, nau'in arsenik da ya fi yawa a kifi. Inda As(V), nau'in arsenik mai guba, ya kamata ya bayyana kuwa, ɗan ƙullutu ne da sai ka ƙara girman hoton kafin ka gan shi. Mutumin nan bai san komai a kimiyya ba, amma da na ɗora yatsa na ce wannan tsaunin fitsari ke fitar da shi kusan yadda ya shiga, gubar ita ce wannan ɗan mitsitsin, sai da ya sauke ajiyar zuciya.

Haka lamarin kifi yake. Tun 1977 da Edmonds da Francesconi suka ciro arsenobetain daga jikin lobsta a Ostareliya aka gane cewa jimilla kaɗai ba ta nuna hatsari. Ciyawar teku kuma nata daban, yawanci arsenik ɗinta manne yake da sukari, in ban da irin su hijiki mai tara mugun nau'in, wadda hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta gargaɗi jama'a a kanta a 2004. ICP-MS ba ruwanta da rigar da arsenik ya sa. Wutar argon na ƙone komai, ta ƙirga shi a nauyi 75.

Amma fa ka kula da abu biyu. Gishirin teku na da kulorin, shi kuma idan ya haɗu da argon nauyinsu 75 ne cif, sai ya yi shigar burtu. Don haka na'urar ta kasance tana da ɗakin hiliyom, wato sashen da ke tace wannan shigar burtu, ko na iskar oksijin da ke mayar da awon zuwa 91. Sannan a bututun rarrabewa irin PRP-X100, As(III), ɗayan nau'in mai guba, da arsenobetain kusan tare suke fitowa, shi ya sa ake mayar da As(III) ya koma As(V) tun wajen jiƙo. Shan argon kam ba a magana, wajen lita 15 a minti ɗaya, ka sa shi a lissafi tun yanzu.

HG-AFS ta fi araha, kuma in ruwan sha za ka riƙa aunawa ba ta da laifi. Sai dai arsenobetain ba ya zama iska da borohaidiraid, sinadarin da take aiki da shi, ba ta ganinsa sai ka ƙara fitilar UV da sinadarin fasalfet, ka wuni kana lallaɓa bututu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalan na'urorin gwanjo. Wani zai goge ta tas ta yi ƙyalli, alhali bakin mazuraren ya cinye, famfon zuƙe iska na gab da mutuwa, manhajar kuma ba lasisi. Wani ma ya rantse maka tana da ɗakin hiliyom, sai an kafa ka ga wayam. Kada ka biya sai an kunna ta a gabanka. Ka je da samfurin da aka tabbatar da awonsa, DORM ko TORT na majalisar bincike ta Kanada, ko BCR-627 na kifin tuna, a auna kana tsaye. In ya fara kame-kame yana cewa sai injiniya ya iso, mayar da kuɗinka aljihu.