Rediyon Littafi Mai Tsarki mai caji da rana, yadda ya yi a hannun Mama

In kana da tsohuwar da ido ya fara yi mata gardama, wannan ɗan rediyon da aka naɗi karatun Littafi Mai Tsarki a cikinsa ya ci kuɗinsa, amma yana da halinsa.

A wani kantin littattafan Kirista a Jos na saya wa Mama shi, bayan yanar ido ta raba ta da karatu. Shekara da shekaru ita ke karanta nassi a taron Zumuntar Mata na ikilisiyarmu, kuma mace ce da ba ta iya roƙo ba. Gara ta wuni shiru da ta ce wa jika ya zo ya karanta mata.

Girmansa bai wuce tafin hannu ba, da farantin sola a baya. Mai karatun a natse yake, Hausarsa tsaf. Fassarar 1979 ce a ciki, wadda Mama ta saba da ita, ba tsohuwar ta 1932 ba, shi ya sa sau da yawa takan riga shi ƙarasa aya.

Wurin da ta fi maimaitawa shi ne 2 Korantiyawa sura 12, inda Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka amsa masa cewa alherin Allah ya ishe shi, ikonsa kuwa cikin rashin ƙarfi yake cika. Na tsokane ta, na ce ai ta sha koya wa mata wannan ayar. Ta ce, "Ɗana, da can ni ke gaya wa mutane. Yanzu ni ake gaya wa."

Maɓallan ne matsala. Ƙanana ne, kuma duk iri ɗaya a yatsa. Da gani ka san mai lafiyayyen ido ne ya tsara su. Daga Zabura zuwa wasiƙun Bulus sai an danna an danna, don haka dole ta kira jikan da take jin nauyin kira. Yanzu tare suke saurare a gindin mangwaro. Na ɗaura mata zare kusa da maɓallin kunnawa don ta riƙa lalubo shi.

A watan Agusta, in hadari ya wuni, batirin ba ya kai magariba, sai a jira a kawo wuta a sa cajar waya. Kafin ka biya, sa mai kanti ya kunna maka Littafin Farawa na Tsohon Alkawari ka ji da kunnenka, domin wasu Sabon Alkawari kaɗai ke cikinsu.