find ko du: wanne zai nuna maka abin da ya cinye faifai?

Samarin da ke gyaran kwamfuta kusa da babbar kasuwar Maradi sun sha tambayata: "Malam, faifai ya cika, da find za mu duba ko da du?"

find da du umarni ne guda biyu da ake rubuta wa kwamfuta mai tsarin Linux. find fayil yake farauta, ɗaya bayan ɗaya. Rubuta find / -xdev -type f -size +1G, sai ya jero maka duk wanda ya haura giga 1. Kada ka raina wannan -xdev, shi ke hana shi tsallakawa cikin faifan USB ko na NFS (faifan wata kwamfuta da ake shiga ta hanyar sadarwa) da aka maƙala, inda zai daɗe yana yawo. In kana son su ma, ambaci wurarensu bayan /.

Amma find ba ya ganin tarin ƙanana. Na taɓa samun /var/log, foldar da Linux ke ajiye bayanan ayyukansa, maƙil da dubban guntaye, ko ɗaya bai nuna mini ba. A nan du ya fi shi: du -xh / | sort -rh | head yana auna folda gaba ɗayanta, sai dai sai ya gama ƙirga komai kafin ka ga sakamako.

Mai neman bidiyon biki guda da ya cinye wuri, find ya wadace shi. Mai kula da sabar makaranta (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) ya fara da du.