Postfix da rasidin isar saƙo: aiki mai kyau, amma sai an gyara saitinta

Postfix, manhajar sabar imel da Wietse Venema ya fitar a 1998, tana bayar da rasidin isar saƙo, wanda ake kira DSN, tun sigar 2.3. Yawancin ƙorafin rashin ganin rasidi ba laifinta ba ne, adireshi biyu ake rikitawa.

Akwai wanda mai karɓa ke gani a layin From, akwai kuma na ambulan, wato wanda saba mai aikawa ke ambata wa saba mai karɓa a umarnin MAIL FROM. Rasidi da saƙon da aka mayar duk na ambulan suke bi. Idan shafin intanet yana aikawa ta PHP ba a sa -f ba, wato zaɓin da ke saita adireshin ambulan, a Ubuntu sai saƙo ya fita da sunan www-data, asusun sabar shafin, rasidai su yi ta taruwa a akwatin da ba mai leƙawa. Buɗe kanun saƙon da ya isa ka duba Return-Path, nan za ka kama ɓarawon. Don gwaji, rubuta sendmail -N success,delay,failure -f da adireshinka, sannan na mai karɓa.

Abin yabo shi ne ba ta yi maka ƙarya. Sabar Gmail ba ta sanar da DSN a amsar EHLO, inda saba ke lissafa abubuwan da take iya yi, don haka rasidin da za ka samu relayed zai ce, ba delivered (an isar) ba. Wato an miƙa, daga nan kuma ba ta da ta cewa. Rasidin an karanta kuwa aikin manhajar mai karɓa ne, kada ka nema a wurinta. Rajistarta ma a fili take: a /var/log/mail.log, dsn=5.1.1 na nufin babu wannan akwatin, lambar da ta fara da 4 kuwa za a sake gwadawa.

Inda ta gaza shi ne saitin da take zuwa da shi. delay_warning_time, lokacin da take jira kafin ta sanar da jinkiri, yana kan 0, wato a kashe, ga shi saƙon da ya maƙale yana iya kwana 5 a layi kafin mai shi ya ji labari. Mayar da shi 4h, wato awa huɗu, tun ranar farko. Kuma kada ka toshe saƙon da ambulan ɗinsa fanko ne, <>, da sunan yaƙi da tarkacen saƙonni. Haka kowane rasidi ke zuwa.

Mai sake tura saƙonnin da suka shigo masa zuwa wani akwati zai sha wahala: SPF, tsarin tantance ko saba na da izinin aikawa da sunan wani yanki, adireshin ambulan yake bincika, ita kuwa Postfix ba ta sake rubuta shi da kanta. Sai ka haɗa mata postsrsd, manhajar da ke sake rubuta shi.