Yaran da muke kullewa a ɗaki, a nan piyano ake bin su da shi

Jama'a bari dai in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta, don tun da na saka hoton yarona yana buga ganga ake ta kirana wai ko makaɗi zan mai da shi, har da mai aiko saƙon murya wai mun je Ingila mun lalace.

Shekararsa shida, yana da lalurar otizim, magana sai 'yan kalmomi, ba ya kallon idon mutum, in hayaniya ta yi yawa ya toshe kunne ya hau ihu. Waɗanda suka san mu a Kano sun san yawon da muka sha da shi ba sai na maimaita ba. To a makarantarsu ta nan aka ce akwai matar da ke zuwa duk sati tana yi wa irinsu magani da kiɗa, ni dariya ma abin ya ba ni, yaron da ƙarar injin markaɗe ke firgitawa shi za a buga wa ganga?

Ɗakin ba wani tarkace, piyano ne da ganguna biyu da 'yan abubuwan kaɗawa. Muna shiga ya hau zagaye ɗakin a guje yana kaɗa hannu yadda ya saba, na zabura zan kamo shi ina ta ba ta haƙuri, don mu ai haka muka tashi, ɗanka ya yi abu gaban baƙo kai ke shan kunya. Matar nan ko kallona ba ta yi sosai ba ta nuna min kujera. Wallahi sai da raina ya sosu, ni da ɗana a ce in koma gefe. Ta zauna ta fara buga piyano daidai da takun ƙafarsa, in ya ƙara gudu ta ƙara, in ya sassauta ta sassauta, ya tsaya cak ita ma ta ɗauke hannu. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya dire, ta danna sau ɗaya. Sai ya juyo ya kalle ta, kallo fa na cikin ido wanda ni uwarsa sai in yi kwanaki ban samu ba, ya sake dire ƙafar yana jira ya ga ko za ta amsa, ta amsa, ya ƙyalƙyale da dariya. Rabin awa suna haka, ba ta ce masa zauna ba, ba ta ce kalle ni ba, ba ta ce maimaita kaza ba. Ni ina can ina goge ido da bakin mayafi.

Daga baya ta ce min ba kiɗa take koya masa ba sam, abin da take nema ya gane cewa in ya yi abu wani zai amsa, in yi ka yi, in tsaya ka karɓa, wai daga nan hira take farawa tun kafin a zo ga kalma. Yanzu in tana masa waƙar gaisuwa sai ta kai ƙarshen baiti ta yi shiru ta bar masa gurbi, wani lokaci ya cika wani lokaci ya share ta, kuma ba ta matsa masa.

Abin ashe tsohon abu ne a wurinsu. Wani Ba'amurke mai buga piyano Paul Nordoff da wani malamin yara masu buƙata ta musamman ɗan Ingila Clive Robbins suka fara wannan salon na bin yaro da kiɗa tun wajen 1959, har yau akwai ƙungiyar agaji da sunansu a Landan. Kuma ba kowane mai jita ne zai wayi gari ya ce shi mai magani ne ba, sai ya yi digiri na biyu an yi masa rajista da hukumar ma'aikatan lafiya ta HCPC, wadda ke yi wa masu gashin ƙashi rajista. Mu kuwa duk wanda ya samu lasifika da bayan mota ya zama likitan cuta arba'in.

Amma kar wani ya ɗauka aljanna muke. Ƙa'idar Ingila ta ce yaron da ake zaton yana da otizim a fara duba shi cikin wata uku da tura shi wurin ƙwararru, mu har muka gaji da ƙirga watanni. Akwai wata takarda EHCP da dokar 2014 ta kawo, ita ke tilasta a ba yaro taimakon da yake buƙata a makaranta, doka ta ce sati 20 a gama ta, amma ka cika fom ka cika fom, ka kira waya inji ya amsa ya sa maka kiɗa kana riƙe da waya har shinkafa ta ƙone, kuma babu wani kawu da za ka kira ya yi maka magana. Zango ɗaya aka yi aka ce kuɗin shirin ya ƙare, yanzu daga aljihu muke biya, in na juya kuɗin zuwa naira sai in ji kaina ya sara.

Kuma masu tambaya ko ya warke, a'a bai warke ba, ita kanta ta ce kar in sa ran haka. Ita ce ma ta faɗa min binciken da aka fitar a 2017 kan yara 364 a ƙasashe tara, wanda bai ga kiɗan ya rage tsananin alamomin lalurar fiye da kulawar da aka saba ba. Na so wannan gaskiyar tata, don a gida duk wanda muka je wurinsa sai ya rantse kwana bakwai an gama. Ni abin da na gani da idona, yanzu yana iya jira har layi ya zo kansa, kuma safiyar makaranta in na rera masa sa takalmi sa riga ya fi saurin yi a kan in na daka tsawa.

Abin da ke cin raina shi ne duk wannan muna da shi a banza. Luguden da ake yi a tsakar gidan Gwaggo, taɓarya uku a turmi ɗaya kowa na jiran tata, mene ne in ba in yi ka yi ba? Ga kiɗan ƙwarya ga shantu ga gaɗa da tafi, waƙa ce ta bayarwa da amshi tun daga reno. Amma ranar biki irin yarona ake fara turawa ɗaki a ja ƙofa kar ya ba da mu gaban surukai, a ce ɗan ruwa ne, a ce an shafe shi, a ce uwar ce ta fita da ciki da magariba, a turara shi da hayaki har ya shiɗe, yaran unguwa na binsa da gaula manya na dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari na da lalurar, to ku lissafa yaran layinku kawai, ina suke? Masu cewa kiɗa haramun ne wannan na bar wa malamai, amma tafi da hannu da rera waƙa ga ɗan cikinka dai ban ji wanda ya hana ba, addu'a kuma ba mu fasa ba ko kwana ɗaya.

Matar ta ce in samo mata abin kiɗan garinmu da waƙoƙin da ake yi wa yara, don haka duk mai tahowa nan kusa dan Allah ya riƙo min ƙwarya biyu da ƙaramin kalangu, a naɗe su cikin zani kar su fashe, kuɗin kaya a kaina.